Hukuncin Gwanjo Da Ƙimar Tsohuwar Mota A Musulunci

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya hore wa bayinsa ababan hawa a tudu da ruwa da sararin sama. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwana Musulmi, abin da za mu yi magana a kansa a wannan mako ya taso ne daga wata tambaya da aka kawo mini a zaurenmu na nan Jakara, bayan mun tashi daga karatun Risala tsakanin Magariba da Lisha. Wani saurayi ne, wanda na taɓa koya wa Larabci yana yaro, ya dakata sai da jama'a suka watse, sa'an nan ya matso ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ina da matsala." Mahaifinsu ya rasu bara, ya bar mata ɗaya da 'ya'ya bakwai, biyu daga ciki ba su balaga ba. A cikin abin da ya bari akwai wata tsohuwar mota ƙirar Peugeot 504, wadda muke kira Fijo, irin waɗanda kamfanin Kaduna ya riƙa harhaɗawa bayan ya fara aiki a 1975. Ta yi shekaru a ajiye ƙarƙashin rumfar kwano. Babban wansu ya gani a waya cewa a ƙasashen Turai ana sayen tsofaffin motoci da kuɗi masu ɗimbin yawa, sai ya ƙudura a ɗebi kuɗi daga cikin gādo a sake mata inji da fenti da kujeru, a sa mata na'urar sanyaya wuri, kana a kai ta gwanjo. Wani dillali kuma ya ba shi shawara ya zo da abokansa biyu ko uku su riƙa ƙara tayi, don a ɗaga kuɗin.

Yaron ya ce, "Malam, shin gwanjon nan ya halatta? Kuma abin da Yaya yake nufin yi, akwai laifi a ciki?" Na ba shi amsa gwargwadon sanina, na kuma ga ya kamata masu karatu su amfana, domin irin wannan magana tana cikin gidaje da yawa.

Bari mu fara da abin da ya ruɗi wan nasa, domin labarin gaskiya ne. A ran 5 ga watan Mayu na 2022, a birnin Stuttgart na ƙasar Jamus, an yi gwanjon wata mota ƙirar Mercedes-Benz ta 1955, aka saye ta Yuro miliyan 135. Guda biyu rak aka taɓa ƙerawa irinta a duniya. A cikin watan Nuwamba na 2023 kuma, a birnin New York na Amurka, wata Ferrari ta 1962 ta tashi a kan Dala miliyan 51 da dubu 700. Ta fannin motocin da aka sāke wa kama kuwa, akwai wata mai suna Lincoln Futura wadda aka ƙera a 1955 don nuni kawai. Wani magyarin motoci mai suna George Barris ya karɓe ta daga kamfanin Ford a kan Dala ɗaya tak, ya sāke mata siffa, aka riƙa amfani da ita a wani wasan talabijin da aka fara nunawa a 1966. A cikin Janairu na 2013 aka yi gwanjonta a jihar Arizona, ta tashi a kan Dala miliyan 4 da dubu 620, har da la'adar masu gwanjo.

To, mene ne waɗannan mutane suke saye? Lalle ba ƙarfe ba ne, domin da 'yan gwangwan za su ɗora waɗannan motoci a sikeli, da abin da za su bayar bai taka kara ya karya ba. Abubuwa huɗu ne suke ɗaga kuɗin tsohuwar mota a wurin masu wannan sha'awa. Na farko ƙarancinta. Na biyu kasancewarta a kan asalinta, watau injinta da jikinta su ne waɗanda ta fito da su daga masana'anta, lambobinsu sun dace da takardu. Na uku tarihinta, wa ya mallake ta, wace tsere ta ci, wane abu ya faru a cikinta. Na huɗu takardun da za su tabbatar da duk wannan. Mu ma nan mun san haka. Baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta ran 13 ga Fabrairu 1976 an adana ta a gidan tarihi na ƙasa da ke Ikko, da hujin harsasai a jikinta. Da wani zai toshe hujin nan ya yi mata sabon fenti, da ya ɓata abin da ya sa ake zuwa kallonta.

Daga nan za mu fahimci kuskuren farko na wan yaron nan. Abin da masu wannan kasuwa suka sani shi ne, mafi yawan lokaci wanda ya sāke wa tsohuwar mota kama ba ya mayar da kuɗin da ya kashe, domin ya yi ta ne a kan son ransa, mai saye kuwa da nasa son ran. Sai fa in wanda ya yi aikin shahararre ne, ko motar ta samu wani tarihi na dabam, kamar wadda muka ambata. Fijo 504 kuwa an ƙera miliyoyinta a duniya. Wanda ya cire mata injinta na asali ya rage mata abin da mai neman tsohuwar mota yake nema, alhali kuma bai mayar da ita sabuwa ba. An yi ba a yi ba ke nan, ba ga tsuntsu ba ga tarko.

Har ila yau, kasuwar nan ba ta da tabbas. Bayan rasuwar Enzo Ferrari a 1988 kuɗin motocinsa ya yi tashin gwauron zabo, mutane suka ci bashin banki suka saya suna jiran riba. Da aka shiga shekarun 1990 sai kasuwar ta faɗi warwas. Wani basarake a Ingila, Lord Brocket, da bashi ya yi masa katutu, ya sa aka yayyanka wasu motocinsa masu tsada aka ɓoye, ya ce an sace don kamfanin inshora ya biya shi. Asiri ya tonu, aka ɗaure shi a 1996. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Yanzu sai mu koma ga shari'a. Malaman fiƙihu sun rarrabe tsakanin abu biyu da mutane kan cakuɗa. Akwai samani, watau kuɗin da mai saye da mai sayarwa suka yarda a kansa, ko ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Akwai kuma ƙima, watau abin da masana kasuwa adalai za su ce kaya ya cancanta a wannan wuri a wannan lokaci. Idan mutum ya ɓata kayan wani wanda ba a samun tamkarsa, ƙima alƙali zai sa ya biya, ba abin da wani mai sha'awa ya taɓa bayarwa a wata ƙasa ba. Kuɗin da aka buga a gwanjo samani ne na mutum biyu da suka yi ja-in-ja a rana ɗaya. Ba ya zama hujja cewa kowace tsohuwar mota da ke jingine a lungu ta zama taska.

Shi gwanjo kansa, wanda Larabawa ke kira bai'ul muzayada, halal ne a wurin jamhurin malamai. Allah ya halatta ciniki ya haramta riba, kamar yadda ya zo a aya ta 275 ta Suratul Baƙara. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Anas ɗan Malik cewa wani mutumin Madina ya zo yana roƙo, sai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa ya kawo abin da yake da shi a gida, wani mayafin shimfiɗa da ƙoƙon shan ruwa. Ya ɗaga su ya nemi mai saye, wani ya taya dirhami ɗaya, ya nemi mai ƙari, wani ya ba da dirhami biyu, ya sallama masa. Tirmizi ya kyautata hadisin, wasu malaman hadisi kuma sun yi magana a kan isnadinsa, amma Imamu Buhari ya ƙulla babi a kan irin wannan ciniki, ya kawo maganar Aɗa'u cewa ya riski mutane ba sa ganin laifin sayar da ganima ga wanda ya fi tayi. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ma, a zamanta na takwas da ta yi a ƙasar Brunei a 1993, ta tabbatar da halaccinsa da sharuɗɗansa.

Wani zai ce, ashe ba a hana mutum yin tayi a kan tayin ɗan'uwansa ba? An hana, amma Ibnu Abi Zaidin ya bayyana a Risala cewa hanin yana faɗawa ne idan masu ciniki sun karkata ga juna sun kusa ƙullawa, ba a farkon tayi ba. A gwanjo kuwa, muddin ba a sallama ba ƙofa a buɗe take. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya kafa Kasuwar Kurmi a bakin rafin nan namu na Jakara a ƙarni na 15, dillali yake yawo da riga ko sirdi daga rumfa zuwa rumfa, wannan ya taya, a ce albarka, wancan ya ƙara, har a kai inda mai kaya zai sallama. Gwanjon da hukumar Kwastan ta fara yi ta intanet a 2017 hukuncinsa ɗaya ne da wancan, hanyar ce kawai ta sāke.

Amma shawarar da dillalin nan ya bayar haramun ce ba tare da wani kokwanto ba. Sunanta najashu. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa Manzon Allah ya hana shi, Imamu Malik kuma ya fassara shi a Muwaɗɗa da cewa mutum ya ba da fiye da kuɗin kaya, alhali ba shi da niyyar saye, don wani ya yi koyi da shi ya faɗa. Sahabi Abdullahi ɗan Abi Aufa ya siffanta mai yin haka da maciyin riba, maha'inci. A mazhabarmu ta Malikiyya, idan mai kaya ya san da wannan makirci, to mai saye yana da zaɓi: in ya so ya riƙe kayan, in ya so ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Majalisar Fiƙihun da muka ambata ta lissafa wasu fuskoki nasa. Akwai mai kaya ko dillali ya ce an riga an taya masa kaza alhali ƙarya ne. Akwai wanda ba saye zai yi ba ya tsaya yana yabon kaya kamar masani don ya ruɗi mai saye. Akwai kuma a yi amfani da kafofin watsa labarai a zayyana wa kaya siffofin da ba shi da su. Duk wanda ya taɓa leƙa wurin cinikin motoci ya san ba a rasa ɗaya daga cikin ukun nan.

Zaluncin yakan zo ta ɗaya ɓangaren kuma. Masu saye sukan haɗa baki kafin a fara, su ce kada kowa ya wuce kaza, su karɓi kaya da arha, sa'an nan su koma gefe su raba ribar a tsakaninsu. Malamanmu, kamar yadda yake a Muhtasar na Shehu Halilu, sun ce mutum yana iya roƙon wani daga cikin mahalarta ya janye masa, amma bai halatta a haɗa kan dukkansu ba. Laifin yana ƙara muni idan kayan na marayu ne, ko na wanda bashi ya tilasta masa sayarwa, ko dukiyar jama'a ce da hukuma ta fitar.

Sai maganar gyara da ado. Allah ya ambaci dawaki da alfadarai da jakuna a aya ta 8 ta Suratun Nahli, ya ce ya halicce su don hawa da kuma ado, sa'an nan ya ba da labarin cewa yana halittar abin da ba mu sani ba. Malamai da dama na wannan zamani sun ga ishara a nan zuwa ga mota da jirgi. Ashe ke nan ƙawata abin hawa ba laifi ba ne a kan kansa. Wanda ya ga dawakin Hawan Daushe da kayansu, ko ya ga yadda direbobinmu suke zane jikin manyan motocinsu, ya san wannan ɗabi'a ce ta ɗan Adam. Inda haramci yake shigowa shi ne idan ado ya zama mayafin aibi. Manzon Allah ya wuce wani tulin hatsi a kasuwa, ya cusa hannunsa ya ji danshi a ƙasa, ya tambayi mai shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama ba mutane su gani, ya kuma bayyana cewa mai algus ba ya cikinmu. Haka nan ya hana a ƙi tatsar raƙuma ko tunkiya kwana da kwanaki don hantsarta ta cika a zaci mai nono ce, ya ba wanda ya saya damar mayarwa. To, ina bambancin wannan da wanda ya cike ruɓaɓɓen ƙarfe da ƙullun gyaran jiki ya bi da fenti, ko ya mayar da agogon tafiyar mota baya, ko ya zuba mata baƙin mai mai kauri don hayaƙi ya ɓuya na rana ɗaya, ko ya saka mata injin wata motar ya ce nata ne na asali? Wanda ya sāke wani abu a mota, wajibi ne ya faɗa. Wanda ya san ta taɓa yin haɗari, wajibi ne ya faɗa. Hadisi ya tabbata cewa masu ciniki idan suka yi gaskiya suka bayyana, a sa musu albarka, idan suka ɓoye suka yi ƙarya, a shafe albarkar cinikinsu.

Amma abin da ya fi tayar mini da hankali a cikin labarin yaron nan shi ne dukiyar marayu. Daga lokacin da mutum ya cika, abin da ya bari ya tashi daga hannunsa. Bayan an yi masa sutura, an biya bashi, an zartar da wasiyya, saura hakkin magada ne, kowa da rabon da Allah ya yanka masa. Babban wa ba shi da ikon ɗibar ko kwabo ya zuba a wani abin da yake zato zai kawo riba, sai da yardar baligai, rabon ƙanana kuwa ba a kusantarsa sai ta hanyar da ta fi kyau. Aya ta 10 ta Suratun Nisa'i ta yi gargaɗi cewa masu cin dukiyar marayu da zalunci wuta suke zuba wa cikkunansu. Mota ba ta rabuwa kamar hatsi. Saboda haka hanyar da ta dace ita ce a kira masana biyu adalai su yi mata ƙima yadda take. In akwai magajin da yake sonta don tunawa da mahaifinsa, ya ɗauke ta a cikin rabonsa, ya cika wa sauran in ta fi. In babu, a sayar a fili a raba kuɗin. Magajin da yake son saye da gaske yana iya shiga tayi kamar kowa. Bayan ta zama tasa, in ya ga dama ya yi mata fentin da ransa yake so da kuɗin aljihunsa.

Akwai kuma hakkin zakka, wanda masu tara motoci kan manta. Motar da mutum ya ajiye don hawa ko don sha'awa babu zakka a kanta. Amma wanda ya saya da niyyar kasuwanci, in mai jujjuya kaya ne kullum, kamar masu wuraren sayar da motoci, zai yi musu ƙima duk shekara ya haɗa da kuɗin hannunsa ya fitar da ɗaya cikin arba'in. In kuwa mai ajiyewa ne yana dakon kasuwa ta tashi, a wurin Malikiyya zai fitar da zakkar shekara ɗaya ranar da ya sayar, matuƙar shekara ta riga ta kewayo a kan asalin dukiyar kuma kuɗin ya kai nisabi.

Saura tambaya guda: shin ya halatta Musulmi ya zuba dukiya mai yawa haka a kan mota ɗaya? Ciniki dai ya inganta idan kuɗin halal ne kuma an yi da yarda. Amma ingancin ciniki dabam, kuɓuta ranar hisabi dabam, domin za a tambayi bawa ina ya samo dukiyarsa, ina kuma ya kashe ta. Hadisi ya kasa masu dawaki kashi uku: wanda dokinsa lada ne gare shi, da wanda sutura ne gare shi, da wanda zunubi ne a kansa, shi ne wanda ya ɗaure shi don alfahari da riya. Mota ma haka take. Suratul Isra'i ta kira masu almubazzaranci 'yan'uwan shaiɗanu, Suratul Ƙasasi kuma ta ba mu labarin Ƙaruna ranar da ya fito wa mutanensa cikin adonsa, masu son duniya suka yi ta burin ina ma su ne. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya zauna a nan Kano har ya wallafa Liya'ul Hukkami, daga cikin abin da ya zargi wasu mutanen zamaninsa da shi akwai tara dawakin ƙawa da tufafin alfarma. Mutumin da ke da maƙwabci mai kwana da yunwa, ko ɗan'uwa kwance a asibiti an rasa kuɗin magani, ya auna da kansa kafin ya ɗaga hannu a wurin gwanjo.

Manzon Allah yana da taguwa mai suna Adba'u wadda ba a taɓa tsere mata ba. Wata rana wani baƙauye ya zo a kan ɗan raƙuminsa ya wuce ta, abin ya yi wa sahabbai ciwo, sai ya sanar da su cewa babu abin da zai ɗaukaka a duniya face Allah ya sauke shi. Muslim kuma ya ruwaito daga Jabir cewa ya ratsa kasuwa ya ga mushen ɗan akuya mai guntayen kunnuwa, ya kama kunnensa ya tambayi wanda zai so shi a kan dirhami ɗaya. Ba a samu mai tayi ba. Sai ya rantse cewa duniya ta fi wulaƙanta a wurin Allah fiye da yadda wannan mushe ya wulaƙanta a wurinsu. Wanda ya sayi Fijon nan sabuwa fil, ya riƙa goge ta kowace safiya, yau yana kabari, ba ta raka shi ba. Abin da zai amfane shi yanzu shi ne 'ya'yansa su rabu lafiya, su riƙe zumunci, su yi masa addu'a.

Na ce wa yaron ya je ya sami wansa cikin ladabi, kada ya kunyata shi gaban ƙannensa, domin mai yiwuwa alheri yake nufi, sani ne ya gaza. In ya ƙi ji, a nemi baffanninsu da limamin unguwa su sa baki, in abin ya faskara, kotun shari'a tana nan don raba gādo. Ku kuma 'yan'uwana dillalai da makanikai da masu fenti, sana'arku halal ce mai albarka, kada ku ɓata ta da tayin ƙarya da ɓoye aibi saboda la'adar kwana ɗaya.

Allah ya azurta mu da halal, ya tsare mu daga cin hakkin marayu, ya jiƙan iyayenmu da malamanmu, ya sa mu cika da imani. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa nawa ne, Allah ya yafe mini. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.